Mako na Uku a Kan Falwaya

Masta Ofori yatsunsa takwas ne.
Ranar farko bai ce mana sannu ba,
hannu ya ɗaga, ya juya shi ciki da baya
kamar mai tallar kifi a Kejetiya,
ya ce, ku ƙirga.
Muka ƙirga.
Ya ce, karatun yau ke nan, gobe ku zo da takalmi.

Mu goma sha ɗaya ne a filin bayan Tafo,
falwaya shida a tsaye, ba wuta a jikinsu,
itace ne kawai mai warin kwalta
da wayar da ba ta kai wa kowa haske.

Kafin a ba ni filaya, safar roba aka ba ni.
Hura ta, in ji shi, naɗe bakin, kai kunne.
In ta yi tsaki, komai ƙanƙantarsa, jefar.
Kafar allura ta ishi mutuwa,
ba ta tafe da kaya.

Waya ba ta mutuwa, barci take yi.
Ko wa ya ce maka an kashe,
ko ni ne, ko ubanka,
gwada, ɗaure ta da ƙasa, sannan ka taɓa.
Hausarsa ta kasuwa ce, tana ɗingishi,
amma a wannan maganar
ba ta taɓa tuntuɓe ba.

Hawan farko, gwiwoyina suka ɗauki wani karatu
da ban koya musu ba.
Daga ƙasa yana ihu: jingina! Saki hannu!
Jingina da me? Iska ce a bayana.
Ni da aka raina da cewa kada a saki reshe a kama ganye,
yau ga ni na saki itace
na ba wa ɗamara amanar ƙashin bayana.
Ta riƙe.
Sai a lokacin na ga kwanon Aboabo,
jan tsatsa har inda ido ya gaji,
wayoyi sun bi ta kai kamar zaren da kaza ta shiga.
Wani cikinsu na ɗakinmu ne.

Ranar Laraba aka ce ni ne gawa.
In hau, in sake jiki, in rataye,
wuta ta ja ni ke nan, kada in taimaki kowa.
Zuwera aka turo,
wadda muke wa dariya don hular kwano
ta ƙi zama a kan ɗankwalinta.
Na ji numfashinta yana hawowa taki-taki,
igiya ta bi ta hammatata,
ƙulli ɗaya, ta ja, ta sake dubawa,
ta ce a kunnena, Sadisu, ka rage cin waace.
Gawa ba ta dariya. Na cije leɓe.
Minti huɗu ta sauke ni a kan jar ƙasa.
Masta ya dubi agogo, ya dubi hannunsa,
ya ce, ni bakwai aka yi.
Bai ƙara ba. Mu ma ba mu tambaya ba.

Da dare ruwa ya sauko, aka ɗauke wuta.
Duk gidan haya ya juyo kaina,
Baba Inusa tela yana cewa, to, injiniya, sai ka tashi.
Na ce mako uku gare ni,
ko sifana ba a bar ni na tafi da ita gida ba.

Inna ba ta yi dariya ba.
Ta kunna tocilan, ta ce, miƙo hannunka.
Ta bi su ɗaya-ɗaya da babban yatsanta,
ta kai goma,
ta kashe tocilan, don batir.